Ka Ƙwanƙwasa Mini Motocin Kano

Jidda, Yulin 1999

Yaya Ilu,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya a Madabo. Yaya ƙafar Inna? Ka gaida Falmata da yara, ka ce mata ina nan ƙalau.

Gareji ma da godiya, sai dai motocin da ake kawo mana yanzu rabin jikinsu roba ce. Ka san tun ina saurayi guduma na sani, da ita nake miƙe ƙarfen da ya lotse. Makon jiya aka kawo wata, na duba ta sau biyu na ɗauka ta ƙarfe ce, ina bugawa gefenta ya tsage. Modu abokin aikina ya ce, "Malam Muttaka, sayar da gudumar ka sayi gam!" Na yi dariya. Mai garejin bai yi faɗa ba, shirunsa ne ke damuna, domin takardar zamana tana hannunsa kuma ta kusa ƙarewa. Kada Inna ta ji wannan.

Wataƙila tsorona ya yi yawa, ka san halina. Duk da haka kada ka ba kowa rumfata ta Ƙofar Ruwa tukuna.

An ce tunda sojoji suka sauka, 'yan siyasa ke shigo da sababbin motoci. Don Allah idan ka ga ɗaya a tsaye, ka ƙwanƙwasa gefenta da yatsa. In ta yi ƙarar kwano, ina da wurin komowa. In ta yi ta bokitin roba, ka faɗa mini gaskiya.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Muttaka