Mai Jan Baya Nake So

Litinin, 7 ga Agusta, 2023

Motoci biyu sun iso daga Duwala. Brahim ne ya kawo su, ɗan Kuseri mai sayar da motoci, wanda na sani tun yana kawo mini gyara a garejina na unguwar Yelwa, nan Garuwa. Na je filinsa da safe. Dukansu masu ƙofa biyu ne, cikinsu dab da ƙasa, irin wadda nake sha'awa tun ina jan babbar motar auduga. Ɗaya ja ce, mai jan baya, giyar hannu. Ɗayar ruwan toka, mai jan ƙafa huɗu, da kanta take canza giya. Ja nake so. Ɗayar ko zagaya ta ban yi ba.

Kuskuren da na yi shi ne barin Flore ta raka ni. 'Yata ce, ma'aikaciyar jinya, amma tun watan Maris ta mai da kanta uwata. Ina tsaye ta tambayi Brahim wacce ce ba ta zamewa in ana ruwa. Shi ta tambaya, ba ni ba! Shi kuma ya sosa ƙeya ya nuna mai ruwan toka, yana satar kallona.

Talata, 8 ga Agusta

Shekaruna sittin da ɗaya, arba'in daga ciki a bayan sitiyari. Yau yarinyar da na koya wa taka kuloci ita za ta zaɓa mini mota.

Alhamis, 10 ga Agusta

Bari in rubuta a nan tunda a gida ba mai saurare. Mota mai jan baya, ƙafafun gaba aikinsu ɗaya, su bi inda ka nuna. Na baya su tura. Shi ya sa sitiyarinta ba nauyi, kuma duk abin da hanya ta yi a tafin hannunka za ka ji. In bayanta ya goce a kwana, kai ne za ka kamo ta da sitiyari da totur. Tuƙi ke nan. Mai jan ƙafa huɗu kuwa nauyi gare ta, kuma wata na'ura ce a ciki take raba ƙarfi, ta yi maka tunani, kai kana zaune kamar buhun masara. In taya ɗaya ta lalace sai ka sake huɗu. In akwatin raba ƙarfin ya tashi, wa zai buɗe shi a Garuwa?

Na faɗa wa Simone duk wannan tana tsince shinkafa. Shekara talatin da biyar da aurenmu, abin da ta iya cewa kawai, na sha maganin hawan jini?

Lahadi, 13 ga Agusta

Bayan coci Flore ta zo cin abinci, ta sake tayar da maganar. Wai likita ya ce ciwon shanyewar jikin da ya buge ni a Maris ƙarami ne amma ya bar alama a hannun hagu. Wai a jar motar duk lokacin da na kai hannun dama kan giya, hagun ne kaɗai zai riƙe sitiyari. Na ce mata da hagun nan na sauko da tan talatin na auduga daga gangaren Ngawundere tana cikin zanen goyo.

Ta ce, "Papa, ni na ɗauke ka daga ƙasa a tsakar gidan nan. Bakinka a karkace, ba ka san ni ba."

Na ce, "Da kin bar ni a wurin, da na huta da bakinki."

Ta ajiye cokali, ta wanke hannu, ta tafi. Simone ta kwashe kwanuka ba ta dube ni ba. To, su yi ta yi. Ba su suka yi shekara arba'in suna shaƙar gas ba.

Talata, 15 ga Agusta

Yau hutu. Flore ba ta zo ba, ba ta kira ba. Ni ma ba zan kira ba.

Alhamis, 17 ga Agusta

Na koma filin Brahim na sa aka ɗaga motocin, na shiga ƙarƙashi. Jar tsaf, komai a fili, sanda ɗaya daga giya zuwa baya. Mai ruwan toka kuwa cike take da ƙarafa da wayoyi, ba inda za ka sa hannu. Kamar yadda na faɗa.

Sifana ta suɓuce mini sau biyu. Mai ne a jikinta.

Jibi zan gwada jar a hanyar Gashiga.

Asabar, 19 ga Agusta

Ba abin da zan rubuta.

Lahadi, 20 ga Agusta

Ban je coci ba, na ce kaina ke ciwo. In ban rubuta ba abin nan zai shaƙe ni.

An yi ruwa da asuba jiya. Muka fita da Brahim wajen ƙarfe tara, ni a sitiyari. A kan kwalta, Allah ya sani, ban ji daɗi irin wannan ba tun ina saurayi. Kukan injin a bayan ƙirjina nake jin sa. Brahim ya riƙe hannun ƙofa yana dariyar dole. Muka sauka kan jar ƙasa, a jiƙe take, tana sheƙi. Akwai wata kwana zuwa dama kusa da gonakin gyaɗa. Na rage, na kai hannu na sauke giya, na ba ta wuta kaɗan kamar yadda na yi sau dubu. Bayan ya goce, yadda ya kamata ya goce. Kaina ya san abin yi, ya ba da umurni. Hannun bai tafi ba. Ya tafi, amma a makare, kamar na wani.

Motar ta juya sau ɗaya da rabi. Akwai wata mata a gefen hanya da roba a kai. Na ga fuskarta ta wuce ta gilashin gefena, kusa har na ga tsagar kumatunta. Muka tsaya da baya cikin gona. Matar tana zaune a laka, gyaɗarta ta watse ko'ina. Ba mu taɓa ta ba. Tsakaninta da tayar baya bai kai taku ɗaya ba, na auna da idona.

Brahim ne ya fita ya ɗaga ta, ya ba ta haƙuri da Fillanci, ya taya ta tsince gyaɗar. Ni na kasa buɗe ƙofa. Shi ya tuƙo mu gida.

Talata, 22 ga Agusta

Brahim ya kira. Wai ya duba, tayoyin baya ne suka suɗe, ba laifina ba ne, kowa ma haka za ta yi masa. Ƙarya yake. Ni na duba tayoyin nan da hannuna ranar Alhamis, sababbi ne. Ya ƙara da cewa, "Baba Célestin, maganar nan daga ni sai kai." Na kashe wayar yana magana.

Gara Flore. Ita aƙalla a fuska take mari. Wannan tausayin ne ba zan iya haɗiyewa ba.

Laraba, 23 ga Agusta

Na jefar da kofin shayi a bango. Da hannun dama, da gangan. Simone ta share ba ta tambaya ba, wannan ma ya ƙara mini haushi.

Juma'a, 25 ga Agusta

Na hau mashin na haya na koma kwanar. Ban san me na je nema ba. Sawun tayoyin yana nan a bakin gona, an tattake kunya uku. Na tsaya ina ta lissafin inda ya kamata in kamo ta, sai ga matar ta fito daga wata bukka da yaro a baya. Ranar da abin ya faru ba ta goyo shi ba. Ina ta tunanin wannan tun ɗazu.

Ta gane ni. Na shirya wa zagi, har ina son sa. Sai ta gaishe ni da Fillanci, jam na, ta tambaya ko na ji ciwo, wai ta ga ban fito daga motar ba, ta kwana tana tunanin tsohon. Tsohon. Na ce lafiya ƙalau nake. Na ba ta haƙuri, da Fillancina na kasuwa, ban san ko ya fita daidai ba. Ta cika mini leda da gyaɗa ta ƙi karɓar komai.

A kan mashin da muke dawowa iska ce ta dinga sa mini ruwa a ido.

Asabar, 26 ga Agusta

Na ce wa Brahim ya fito da mai ruwan toka. Don in tabbatar ba ta da daɗi ne kawai. Ana yayyafi. Hanya ɗaya, kwana ɗaya, sai da na leƙa na ga ba kowa a gefe. Hannuwana biyu a kan sitiyari tunda ba giyar da zan taɓa. Na ba ta wuta kamar wancan karon. Ta ɗan yi kamar za ta goce, sai na ji gaban ya ja, ta miƙe ta wuce abinta.

Ba ni na yi ba, ita ta yi. Na tsani motar nan.

Litinin, 28 ga Agusta

Na ce wa Brahim mai ruwan toka zan ɗauka, saboda jar mota jandarmomi take jawowa a kowane shinge. Ya ce ƙwarai kuwa, haka ne. Munafuki.

Daga can na wuce asibitin da Flore take aiki, na zauna a benci har ta tashi. Ta fito ta gan ni ta tsaya, fuska a ɗaure, irin ɗaurewar da na san inda ta gado ta. Na shirya maganganu da yawa a hanya. Abin da ya fito kawai shi ne, "Hannun bai dawo ba."

Ba ta ce ai na faɗa ba. Ta zauna, ta kama hannun, ta ce in matse yatsunta. Na matse. Ta ce in ƙara. Na ce iyakarsa ke nan. Sai ta ce akwai mai gasa jiki da motsa gaɓoɓi ranar Litinin da Alhamis, ita za ta riƙa kai ni. Na ce zan duba in ina da lokaci.

Maganar da na yaɓa mata ranar Lahadin nan wajen cin abinci ban tayar ba. Ta gyara mini wuyan riga kafin mu tashi.

Alhamis, 31 ga Agusta

Awa guda ina matsa ƙwallon roba kamar ɗan raino. Wani yaro mai farar riga yana ce mini madalla Papa. Saura kaɗan in jefe shi da ita.

Lahadi, 3 ga Satumba

Na kai Simone kasuwar Pitowa bayan coci. Motar har yanzu nauyi gare ta, sitiyarin ba ya gaya mini komai, kuma cikinta ya gogi ƙasa sau biyu a ramukan mashigar kasuwa. Ban canza ra'ayi ba, mai jan baya ita ce mota.

A dawowa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina cikin yi wa Simone bayanin abin da ke damuna da giyar, na ji shiru. Na waiga, ta jingina kai da gilashi, barci take, baki a ɗan buɗe, ledar albasa a cinya. Tun da muka yi aure matar nan ba ta taɓa runtsawa ina tuƙi ba. Kullum a miƙe take zama, ƙafa tana taka birkin da babu.

Na rage gudu zuwa hamsin. Saboda ruwan ne. Da muka iso ƙofar gida ban kashe injin ba, na zauna har ta farka da kanta.