Rantsuwar Baban Ummi

Assalamu alaikum, Yaya Hajara.

Ina gajiya, ya Malam da yara? Ya ƙafar taki, da sauƙi? Ya mutanen Damagaram?

Yaya, iddata ta cika. Ranar Litinin muka je kotu da Baban Ummi. Alƙali ya bar mini yara, ya yanka masa kuɗin ciyarwa daga albashinsa na kamfanin fata a Challawa. Sai na tayar da maganar sarƙar gwal ɗina da na sayar muka yi wa gidanmu na Panshekara rufi. Aka ce in kawo shaida. Wace mace ke kiran shaida in za ta ba mijinta abu? Inna kaɗai ta sani, ita kuma ta rasu.

Sai aka ce ya rantse. Wallahi na ɗauka zai sunkuyar da kai. Ya nemi buta, ya yi alwala a natse, ya dafa Alƙur'ani ya ce ban taɓa ba shi komai ba.

Ki gaida su Gwaggo, ki sa ni a addu'a. Ba sarƙar nake wa kuka ba, Yaya. Shekara goma sha huɗu ina bin mutumin nan salla.

Ƙanwarki,
Binta