Layi ɗaya ne ya ƙona inbata shida, an ce in goge in yi shiru

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin ka ɓoye sunana, ba tsoro ba ne, akwai 'yan ofis ɗinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara kafin Litinin.

A da ni tela ce, shekara goma sha uku ina kan keke a Masaka. Sai da na yaye autana na koma aji, daga yaƙi da jahilci har difloma ta lantarki, benci ɗaya da sa'annin ɗana. Yanzu ina wani ƙaramin kamfani a Gwarinpa, muna haɗa inbata ta sola. A cikin kowace akwai ɗan chip, shi ne ƙwaƙwalwarta, kuma da rubutu ake tsara cikinsa a kwamfuta, fayil guda sai ya kai layi dubu uku. Duk wanda ya taɓa fayil sai ya ajiye a git, manhajar da ke riƙe tarihin kowane canji, ita kuma ta fito da diff, wato ta jera tsohon rubutu da sabo, abin da aka cire ja, abin da aka ƙara kore. Aikina in duba, in sa hannu, sannan a zuba wa chip.

To muna da wani mai digiri biyu daga waje, in ba ka ce masa Injiniya ba ko juyowa ba ya yi. Ni kuwa Madam Tela yake ce min. Bawan Allahn nan kafin ya ajiye fayil sai ya danna maɓallin kwalliya, wai idonsa ba ya jure rubutu mara tsari. Maɓallin ya matsar da kowane layi, ya sake jera sunayen wayoyi, sai diff ta fito ja da kore tun daga sama har ƙasa kamar atamfar anko. Canjin gaske layi ɗaya ko biyu, saura duk hoda ce da janbaki. Na yi magana ta fi sau goma, ya ce in karatun ya min yawa in koma yankan yadi. Oga ya yi dariya, ya ce in riƙa sa hannu kawai, ai Injiniya ya san aikinsa. Ni ma da na gaji sai na bi.

Watan jiya inbata shida suka ƙone a wani gidan ƙanƙara na masu kifi a Gwagwalada. Ko hayaƙin bai lafa ba Injiniya ya ce hannun Baba Istifanus ne, dattijon da yake liƙa mana ƙananan kaya a allon inbata da dalma, wai idonsa ya mutu, hannunsa na rawa. Mutumin da ya koya min riƙe ƙarfen dalma bai taɓa tambayata shekaruna ba. Aka ba shi zuwa ƙarshen watan nan ya tattara.

Abin bai kwanta min ba. Tela ba ya gwada riga biyu a cukurkuɗe, sai ya goge su ya shimfiɗa ɗaya kan ɗaya, sannan ya ga inda aka ci. Sati biyu ina yafe abincin rana, na rubuta ɗan program da zai yi wa fayil biyun guga, ya cire tazarar banza, ya jera sunaye iri ɗaya, sannan git ta gwada su. Jama'a, layi dubu uku suka koma layi ɗaya tal. Akwai ɗan jinkirin da chip yake yi tsakanin kashe makunni ɗaya da kunna ɗaya, don kar wuta ta haɗu. An mayar da shi daga arba'in zuwa huɗu. Sunan Injiniya a kai, ranar Juma'a sha biyu da rabi, yana saurin masallaci. A ƙasa kuma sa hannuna, ba zan ɓoye muku ba.

Na kai wa oga. Ya duba ya daɗe, sannan ya fara min Hajiya kaza Hajiya kaza, shi da bai taɓa ce min Hajiya ba. Wai kawun Injiniya ne yake kawo mana kwangila daga ma'aikata, wai program ɗina zai kawo rashin jituwa, in cire shi, Baba dama ya tsufa. Ko awa ba a yi ba sai ga gwanin da kansa a teburina, yana kaɗa makullin mota, wai Madam Tela kin manta wa ya sa hannu? Na ce ban manta ba, ni na sa hannu a kan abin da ban gani ba, kai kuwa ka san abin da ka taɓa ka ɗora wa sa'an ubanka. Digiri biyu, amma ko ɗan koyo a shagona in ya ɓata yadi yakan ce ni ne.

Maigidana ya ce bakina ne zai kore ni, a shekaruna wa zai sake ɗaukata, ga yara a makaranta. Gaskiyarsa, ban musa ba.

Amma jiya da aka tashi Baba Istifanus ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya miƙo min ƙarfen dalmarsa naɗe a tsumma. Ya ce, “'Yata riƙe, ni ido ya ƙare, har na ja wa mutane asara.” Wato sun faɗa masa har ya yarda. Na karɓa na sa a jaka.

Ranar Litinin akwai mitin, kowa zai zo. In haska layin nan a bango, sunansa da nawa, in za a kore mu a kore mu tare? Ko in cire program ɗin in riƙe aikina, in faɗa wa Baba a gefe ko ya tafi da sanin cewa idonsa lafiya lau? Mai cewa in yi haƙuri ya fara faɗa min yadda zan riƙa aiki da ƙarfen nan, don yana cikin jakata tun jiya, ko kwance tsumman ban iya ba.