Sukarin Baba Tela Ya Ƙi Sauka

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma na zubar da allurar masu ciwon sukari. Ta ƙuryar firji ta daskare, ta bakin ƙofa kuma ta yi ɗumi kamar an goya ta. Firjin gida ne, ya riga ni zuwa asibitin nan. Na gaya wa Manaja muna bukatar na ajiye magani, mai ma'aunin sanyi. Ya ce, "Za a duba, Malama." A raina sunansa ke nan: Za-a-duba.

Laraba, 5 ga Maris
Gorar ruwan Babbar Sista kwance kan allurar rigakafi a cikin firji. Wai, "Haba ƙanwata, sanyin ƙarewa yake yi?" Ba a koya mana amsar wannan a jami'a ba.

Kamfanin magani sun sake kira kan aikin da suke son ba ni. Ofis mai sanyi, ba majinyaci ko ɗaya. Na ce su ba ni zuwa ƙarshen wata.

Talata, 11 ga Maris
Baba Tela ya zo da 'yarsa. Yana yin allurarsa kullum, sukari ya ƙi sauka. 'Yar ta ce, "Anti, ki yi masa faɗa, alewa yake sha a ɓoye." Ya ce, "Wallahi 'yata, rabona da zaƙi tun bikin wannan mai bakin." Muka yi dariya, ban da shi. Idonsa ya fara hazo, zare ya daina shiga masa allura. Wai allura ɗaya ta ƙi shi, ɗayar ma ta ƙi shi.

Na kasa zama. Na share kantar magani sau ba adadi.

Alhamis, 13 ga Maris
Ashe Za-a-duba ya duba! Tun ranar da na yi ƙorafi ya shigo bayan na tashi, ya murɗa sanyin har ƙarshe. Shi da kansa ya gaya mini, yana jiran godiya. Komai ya daskare, wuta ta ɗauke, komai ya narke, kwalabe suka koma garau kamar ba abin da ya same su. Allurar da ta taɓa daskarewa kuwa ba ta da maraba da ruwa. Daga ciki aka ba Baba Tela.

Juma'a, 14 ga Maris
Na juye wa Manaja kwalaben a kan teburinsa, har wata ta gangara cikin shayinsa. Ya ce firjin magani da tsada. Na ce namu ya fi tsada, shi dai a hankali yake ci, kamar gara. Na ce idon tsoho ma yana cikin cinikin.

Bai ce za a duba ba.

Na kira 'yar, na ce ta zo ta karɓi sabuwar allura, ta kuma ba mahaifinta haƙuri.

Laraba, 19 ga Maris
Har yanzu ba labarin firji. Kamfani sun kira, ban ɗauka ba. Hannuna da sabulu ne.

Asabar, 29 ga Maris
Sabon firji ya iso. Ƙofar gilashi, makulli, kuma yana ihu in sanyi ya kauce. Sista ta ce tsegumi gare shi kamar mai shi.

Sukarin Baba ya sauka. Ya dubi rigar aikina ya ce aljihun ya yage, in kawo masa wata mai zuwa, in ido ya ƙara washewa. Na ce to.

Makullin yana wuyana. Don kada ya ɓata ne kawai.