Na Dubi Dattijo Ido Cikin Ido

Baba,

Bayan gaisuwa, ya ciwon bayan? Ya Inna da yara?

Albishirinka! Makarantar likitancin nan mai koyar da gyaran jiki da hannu ta ɗauke ni. Bara sun ƙi ni, ban faɗa maka ba, wai ina ta sunkuyar da kai wajen ganawa. Na ɗan yi kuka, ya wuce.

Bana wani malaminsu mai furfura, Dokta Whitfield, ya ce, "'Yata, me ya kawo ki?"

Na dube shi ido cikin ido, na ce, "Bayan babana."

Ka yafe rashin kunyar. A gabanka kaina yana ƙasa. Amma bayan nan kada ka ba kowa, nawa ne.

'Yarka Balaraba,
daga Ohio