Kirarin Gidan Ubana

Yaya Mariya,

Ina gaishe ku. Ya ƙafar Inna? Ruwa dai bai ci shinkafarku ta Kaoje ba ko?

Ni lafiya lau, kifin da nake sarowa yana fita. Sai dai a Ogbomosho, garin ubana, Bahaushiya suke kirana, ni da na girma a Bagudo ana ce mini Bayarabiya.

Mu da muka dawo daga Arewa an hana mu rumfa a kasuwa, sai 'yan'uwan da muka dawo tare suka naɗa ni shugabarsu. Mako mai zuwa zan tsaya gaban shugabar kasuwa, kuma ba za ta saurare ni ba sai na yi kirarin gidan ubana. Yaya, ban iya ba. Baba ya rasu bai koya mini ba. Wanda na sani shi ne wanda 'yan kabu-kabun garin Tsamiya suke yi masa: “Adeyemi mai faci, kai ka kai mu Benin mu dawo!”

Ki tambayi Inna ko ta taɓa jin mahaifiyata tana yi wa Baba kirarin gidansu, ki bugo mini. Shagonsa na bakin tasha kuma, kada ki ba kowa haya tukuna.

Ƙanwarki,
Temitayo