Ciyawar da Ka Shayar

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Idi na Janfalan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna lafiya lau sai ciwon gwiwa, masara kuma ta yi bana.

Baba, na yi abin kunya, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Ran Asabar maigidana na ofis ya gayyace ni buga ƙwallon golf a tsohon kulob ɗin nan na Kaduna da Turawa suka kafa. I, shi dai. Inda ka shekara ashirin da wani abu kana jan tiyo kana ban ruwa, ba ma ganinka a gida sai da damina ko Sallah. Ka sha cewa, “Ciyawar da ko akuya ba ta isa ta ci ba, ita nake wa hidima.” Mu yi ta dariya.

Ta babbar ƙofa na shiga, maigadi har da sara mini. Zauren nan da ka ce ba ka taɓa sa ƙafa a ciki ba, a nan na sha shayi. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

Mun kai rami na bakwai, ina ta saran ƙasa da sanda kamar mai huɗa, Alhazan da muke wasa tare suna tsokanata, sai na hango wani tsoho da tiyo. Baba Tanko ne na Malikanchi, amininka, wanda ya yi maka wanka ya sa ka a kabari da hannunsa. Ya saki tiyon ya nufo ni da fara'a yana cewa, “Ɗanjuma!” Ka san Inna ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da ka rasu shi kaɗai ya rage mai kirana haka.

Kai ka koya mana a tuɓe takalmi, a durƙusa, kada a tashi sai an tambayi gida da gona. Ni kuwa na dubi maigidana, na dubi farin wandona, na ɗaga hannu daga tsaye na ce sannu da aiki. Maigidana ya tambaya ko na san shi, na ce ɗan wajenmu ne. Ban ambace ka ba, Baba.

Tsohon ya tsaya cak. Sai shi ya rusuna, ya ce, “Ranka ya daɗe.” Ya koma ya ɗauki tiyonsa. Sauran ramukan ban san yadda na gama su ba.

Washegari na koma. A babbar ƙofa aka ce sai mamba. Na zaga ta ƙofar leburori na ce ni ɗan Malam Idi ne mai ban ruwa. Nan take aka buɗe, wani har ya yi maka addu'a.

Na sami Baba Tanko, na tuɓe takalmi, na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa na roƙi gafara. Ya ce babu komai. Sannan ya ce, “Tashi, ranka ya daɗe, kada wandonka ya ɓaci.”

Abin nan yana cin raina, Babana. Gobe ma zan koma, jibi ma, har sai ya kira ni da sunana.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Ɗanka,
Ɗanjuma